Kaurar Baffa

A madafar gidanmu da ke Masanawa akwai wata igiya da aka ɗaura daga wannan azara zuwa waccan, daidai saman murhu. Tun ina ƙarami nake ganinta, ta yi baƙi ƙirin saboda kunkunniya. A jikinta Baffa yake rataye irin dawarsa. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun da mahaifin nawa ya rasu, shi ya kai ni makarantar allo, shi ya kai ni ta boko. Igiyar tana nan har gobe, amma babu komai a jikinta, kuma ni na jawo.

Dawar kaura ce mai ƙaton kai, ƙwayarta ruwan ɗorawa. A wurin mahaifinsa ya gaje ta, shi ma mahaifin nasa gado ya yi. Idan kaka ta yi, saura kamar mako biyu a yanke dawa, sai Baffa ya cika aljihu da kaba ya shiga gona shi kaɗai. Ba ya son rakiya a wannan aikin, wai surutu yana ɗauke masa ido. Ya bi kunya-kunya yana ɗaga kai, ya lanƙwaso wannan kara ya duba ya sake shi, ya murji ƙwayar wancan ya ciza. Zangarniyar da ta yi masa sai ya ɗaura mata kaba a wuya. Ranar yanka kowa ya san mai kaba ba a haɗa ta da sauran. Ita ake kaiwa madafa a rataye, hayaƙin girkin Inna, matarsa, ya yi ta bugunta har damina ta zagayo, ƙwaro ba ya kusantarta.

Da an yi ruwan shuka zaurenmu yake cika. Mutane daga Gammo, daga Madadi, har da waɗanda ban san garinsu ba, kowa da ɗan ƙyallensa ko leda. Baffa ya sauke zangarniyun, Inna ta sussuke su a hankali don kada ƙwaya ta fashe, shi kuma ya zauna da ƙoƙo yana auna wa kowa ɗaya. Ba ya sayarwa. Wanda ya kai hannu aljihu ma sai ya ga ɓacin ransa. Abu ɗaya yake nema: kafin mutum ya tashi, ya karanta wa mahaifinsa Fatiha. Ya sha gaya mini cewa tsohon bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba, wannan irin shi ne sadakarsa da take gudana, shi kuwa mai tsaro ne kawai. Baffa ba attajiri ba ne, ba malami ba ne, ba ya riƙe da ko sarautar unguwa. Abin da ya sa ake tashi a ba shi wuri a taro, wannan ƙoƙon ne.

Ina aji huɗu a jami'a, ina karantar aikin gona, aka tura mu horon sanin makamar aiki na wata shida, wanda mu ɗalibai muke kira ai-ti. Na yi sa'a, ko in ce haka na ɗauka a lokacin, na samu wuri a wani babban kamfanin iri da taki, mai ofisoshi a jihohi da yawa, da ɗakin gwaji a Kano, da sito a Gwarzo. Ranar da aka rataya mini katin shaida a wuya kaina ya kumbura. Da shi nake zuwa gida ƙarshen mako, har masallaci na taɓa shiga da shi, wai mantawa na yi ban cire ba. Baffa ya juya katin gaba da baya, ya ƙura wa hotona ido, ya laƙaba mini suna malamin gona. Daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba. Da zolaya a ciki, amma alfaharin ya fi yawa.

A kamfanin kuwa babu wanda ya san ni malamin komai ne. Mu takwas ne 'yan ai-ti, kuma ogan da aka damƙa mu a hannunsa suna ɗaya yake kiranmu da shi gaba ɗaya, wato "kai ɗalibi". Ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa, waya biyu a hannu, kullum ƙafarsa ɗaya tana cikin mota. Kowannenmu yana da logbuk, littafin da muke rubuta aikin kowace rana, shi kuma ya sa hannu duk mako, a ƙarshe ya rubuta ra'ayinsa a kanmu a mayar makaranta. Ana kuma raɗe-raɗin cewa duk shekara kamfanin yakan zaɓi ɗaya ko biyu ya ce su dawo bayan bautar ƙasa. Wannan raɗe-raɗin shi ya hana ni sukuni. Ina so ogan nan ya san sunana ko ta halin ƙaƙa.

Cikin ayyukan da aka koya mana, gwajin tsiro na fi so. A jiƙa takarda mai kauri, a jera ƙwayoyin iri a kanta layi-layi, a naɗe, a ajiye a wuri mai ɗumi, bayan mako guda a warware a ga waɗanda suka tsiro da waɗanda suka ruɓe. Aiki ne marar hayaniya, kuma ba a yi masa baki. Abin da iri yake, shi takarda za ta nuna.

A wata na uku aka fara shirin taron manoma da za a yi a Gwarzo kafin faɗuwar damina, don a tallata sabon irin dawa na kamfanin. Za a buga ƙatuwar fasta, wato allon talla mai hoto, mai gida biyu. A gidan dama hoton irin kamfani cikin fakiti, da koren maki a kai, irin wanda malami yake yi wa wanda ya ci. A gidan hagu hoton yadda manoma suke adana iri a gida, da jan kuros a kai, irin na wanda ya faɗi. Oga ya duba hotunan da aka samo masa a intanet ya ture su, ya ce waɗannan ba mutanenmu ba ne, manomi yana gani zai ce ba da shi ake ba. Ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda zai iya samo hoto na gaske daga ƙauyukan nan. Bai rufe baki ba na ɗaga hannu.

Ba na son wani ya nema mini uzuri a nan. Ba a yaudare ni ba. Na ga zanen fastar a kwamfutar oga da idona, na san gidan da hoton zai shiga.

Ranar Asabar na tafi gida. Bayan mun gama gaisawa, ya tambayi aiki, ya tambayi manya, ya tambayi zafin Kano, sai na gaya wa Baffa cewa kamfaninmu yana son ya ga yadda yake adana irinsa. Idan aka bi maganar kalma-kalma babu ƙarya a cikinta, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Murna ta kama shi. Ya shiga ɗaki ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a da hula sabuwar wanki. Na ce a'a, ya koma ya sa tsohuwar taguwarsa ta gona, wai manyanmu sun fi son abu yadda yake. Ya yi dariya ya ce 'yan boko sai a bar su, mutum ya yi ado su ce ya tuɓe. Inna ta ɗauko tsintsiya za ta kakkaɓe kunkunniyar da ke jikin bango, ita ma na hana ta.

Na ɗauki hoto ya fi talatin. Na durƙusa don baƙin rufin ya fito sosai. Na jira har wata kaza ta gitta ta bayansa, sannan na danna. Shi kuwa yana tsaye ya tallabo zangarniya da hannu biyu kamar mai nuna jariri ranar suna, yana ta yi mini bayani: wane itace ne hayaƙinsa ya fi, me ya sa ba a ratayewa kusa da wuta sosai, yadda ake gane ƙwayar da ta ƙosa da haƙori. Ya ce in rubuta musu duka kada in manta. Na yi ta gyaɗa kai, ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Da zan tafi ya karyo ɗan reshe daga wata zangarniya ya ƙulle mini a ƙyalle, ya ce in kai wa manyanmu su gani da idonsu. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya taɓa irin nan kafin a yi ruwa.

Oga ya ga hotunan ya ce abin da yake nema ke nan. Ya tambayi sunana, ya maimaita shi sau biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina na ji daɗi. Da ya tambayi gidan wane ne, sai na ce wani tsoho ne a ƙauyenmu. Haka na faɗa, wani tsoho. Iyakar abin da na yi wa Baffa shi ne na roƙa a ɓoye fuskar, oga ya ce ba matsala. Mai haɗa fastar ya yanke hoton daga hanci zuwa sama. Ya bar gemun, ya bar hannun dama mai ɗan yatsan da lauje ya taɓa sara ya warke a lanƙwashe. Duk wanda ya taɓa karɓar ƙoƙo daga wannan hannun ya san shi.

Ƙullin da Baffa ya ba ni kuwa ban kai wa kowa ba. Ya kwana biyu a aljihun jakata, sai ranar da aka ba ni wani rukunin irin kamfani in gwada, na ce bari in jera na Baffa a wata takardar daban, don son sani kawai. Bayan mako guda na warware. Kusan duka sun tsiro, saiwoyi farare masu ƙarfi, in ban da 'yan ƙalilan. Na ajiye takardun biyu gefe da gefe na daɗe ina kallo. Da za a ɓoye mini alamar da na yi musu, ba zan iya cewa ga na kamfani ga na madafa ba.

Na rubuta a logbuk, layi biyu: gwajin tsiro, irin wani manomi da aka adana a hayaƙi, ya tsiro da kyau. Ranar Juma'a oga ya sa hannu a shafin yana amsa waya, bai karanta ba. A lokacin an riga an buga fastar, tana naɗe a kusurwar ofishinsa. Zan iya buɗe baki, taku uku ne tsakanina da teburinsa. Sai na shiga yi wa kaina huɗuba. Na ce gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Na ce ai irin kamfanin ya fi saurin nuna, wanda kuma gaskiya ne. Na ce Baffa ba ya zuwa irin waɗannan tarurruka, yana ganinsu zaman banza ne da rabon hula. Wannan ta ƙarshen ita na fi riƙewa.

Ranar taron ana zafin bazara mai sa mutum ya ji haushin rigarsa. An kafa rumfuna a filin wata makaranta a Gwarzo, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a kusurwa huɗu. Babban manaja ya zo daga hedikwata, mutum mai fara'a, amma ba ya jin Hausa ko ta sannu. Oga ne ya kamata ya yi masa tafinta, sai ya kira ni da sunana ya miƙo mini abin magana, ya ce dama ce ya ba ni, in nuna abin da na iya. Na gyara katina a wuya. Ina cikin gwada murya na hango babur ya tsaya a bakin fili, wani dattijo cikin babbar riga yana sauka a hankali. Bayansa wani babur ɗin ɗauke da abokansa biyu na majalisar ƙofar masallaci.

Baffa ne. Daga baya na ji cewa mai unguwa ne ya sa aka yi shelar taron, Baffa kuwa ya gaya wa abokan nasa su zo su gani, yau za a nuna kaurar gidanmu a gaban manyan kamfani. Masu tarbar baƙi suka ga dattijo mai kamala, suka kai shi layin gaba. Ya zauna ya gyara rigarsa ta Juma'a, wadda na hana shi sawa a hoto, ya hango ni riƙe da abin magana, ya ɗaga mini kai yana murmushi.

Akwai kusan rabin sa'a kafin a fara. Na yi tunanin in je in raɗa masa ya tashi ya tafi, amma in ce masa me? Na yi tunanin in ce wa oga cikina yana ciwo. Na yi tunanin in ɓoye fastar a bayan mota. Duk na yi tunaninsu, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye wuri ɗaya kamar an dasa ni, har aka buɗe taro da addu'a.

Aka saki fastar ta warware. Sai wani daga baya ya ce, "Ai wannan gemun mun san shi." Dariya ta tashi, ta bi layi-layi har ta iso gaba. Manaja bai san abin da aka ce ba, ya ɗauka fastar ce ta yi aiki, sai ya ƙara kuzari. Ya ɗauki sanda ya nuna gidan hagu. Ya yi magana, ya tsaya, ya kalle ni.

Abin da ya ce shi ne, irin da aka rataye a hayaƙi wata da watanni ya riga ya raunana, rabinsa ba zai tsiro ba, wanda ya tsiro ma ba zai yi ƙarfi ba. Mai yin haka yana cutar kansa, idan kuma yana raba wa maƙwabta to yana cutar da su su ma. Tafinta yana da hanyoyi. Yakan rage, yakan sassauta, yakan zagaye magana ta fito da sauƙi, na sha ganin ana yi. Amma oga yana tsaye dab da ni, yana jin harsunan biyu, kuma logbuk ɗina yana cikin motarsa. Na faɗa yadda aka faɗa. Har ƙari na yi, don iyayi: inda manaja ya ce raunanan iri, ni na samo kalmar da ta fi zama a kunne, na ce gajiyayyen iri. Na ji muryata tana dawo mini daga lasifika huɗu. Idona na kan wata darbejiya da ke can bayan rumfuna, ban sauke shi ba.

Sannan manaja ya tambaya, cikin raha, wa yake yin haka har yanzu, ya ɗaga hannu. Na fassara. A wurin nan na san mutum ya fi ashirin da suke rataye iri a madafa, na san fiye da haka da suka sha cin ƙoƙon Baffa. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Hannu ɗaya ne ya tashi, a layin gaba, mai lanƙwasasshen ɗan yatsa.

Manaja ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a tafa wa wannan dattijo mai gaskiya, aka tafa. Ya ce a ba shi kyautar fakitin sabon iri da hular kamfani, kuma ni aka miƙa wa in kai masa. Na taka na je na durƙusa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Madalla, malamin gona," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Na leƙa fuskarsa ina neman fushi, ban samu ba. Da zagina ya yi a wurin, da na fi samun sauƙi.

Da aka tashi na tsunduma cikin masu tattara kujeru, aikin da ba a sa ni ba, ina ɗora wannan kan wancan har na tabbatar baburansu sun tafi. Oga ya dafa kafaɗata, manaja ya ba ni hannu ya ce ina da makoma a wannan harka. Mako biyar ban taka Masanawa ba. Daga siton Gwarzo, inda aka mayar da ni bayan taron, zuwa gida ba wata tafiya ba ce, amma kullum da dalilina: aiki ya yi yawa, ana rabon kaya, oga ya hana. Ina kiran wayar Inna a lokacin da na san Baffa yana masallaci. Ta ce lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ni, yana cewa in riƙe aiki da kyau.

Wata shida suka cika. Oga ya rubuta yabo a shafin ƙarshe na logbuk ɗina, wanda ko ni sai da na ji kunyar karantawa, ya buga hatimi, ya ce in neme shi bayan bautar ƙasa. An yi ruwa sau biyu a makon, ƙasa tana ƙamshi, mutane sun fita da sungumi. A mota daga Gwarzo zuwa Kabo, hanyar gida, na shirya maganata tsaf. Zan durƙusa in ba shi haƙuri. Zan buɗe masa shafin gwajin in karanta masa in fassara, wannan karon fassarar da ya kamata. Sannan in zauna kusa da shi a zaure in riƙe wa mutane bakin leda yana aunawa. Har na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi, kamar na riga na yi.

Na iso da la'asar sakaliya. Zauren babu kowa, ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Na hango ƙoƙon a kife a kan taga, na ce a raina wataƙila an gama rabon da safe. Baffa ya tarbe ni yadda ya saba, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi oga, ya tambayi baƙon nan mai fara'a ko ya koma garinsu lafiya. Na ce bari a yi magariba, a ci abinci, sannan in fara.

Bayan salla Inna ta kawo tuwo da miyar kuka, kwano ɗaya ni da shi kamar kullum. Tuwon dawa ne, launinsa ya ja zuwa ɗorawa, ya tuƙu sosai. Da yunwa na zo, na ci malmala ɗaya ban ɗaga kai ba. Ina cikin ta biyu na ji wani ɗanɗano a maƙogwaro, na ɗaga murya ina tsokanar Inna, na ce yau ɗanyen itace aka samu ne, tuwo duk hayaƙi? Tana madafa, na san ta ji ni, ta ci gaba da aikinta.

"Ba itace ba ne," in ji Baffa. "Irin ne."

Hannuna ya tsaya a cikin kwano. A gidan manomi ba a cin iri sai yunwa ta kai inda ta kai, rumbunmu kuwa da sauran hatsi a ciki.

Ya ci gaba da cin abincinsa yana ba ni labari, murya a kwance, kamar labarin wani ne. Ya ce bayan taron an ɗan yi masa tsiya a ƙofar masallaci, wasu suna kiransa mai hayaƙi, wannan bai dame shi ba. Da aka yi ruwan farko mutane sun zo, ba kamar da ba, amma sun zo. Wani dattijo daga Gammo ma da ƙyallensa a hannu, wanda ya fi shekara ashirin yana zuwa. Duk ya ba su haƙuri ya sallame su. Ya shuka fakitin da aka ba shi, ya aika Gwarzo aka ƙaro masa, sannan ya ce wa Inna ta sauke abin da ke jikin igiya ta surfe a kai niƙa.

"Da baƙon nan ne kaɗai ya faɗa, da na ce bai san ƙasarmu ba," ya ce. "Amma da bakinka na ji. Kai ka karanta abin, kuma ba za ka yi mini ƙarya a gaban jama'a ba. Shekara nawa ina ba bayin Allah gajiyayyen iri, ina kuma sa su yi wa tsohona addu'a a kai? Allah dai ya yafe mini."

Ya gutsuri tuwo. Ya ce abu ɗaya ne kawai ya so, da na gaya masa a ɗaki tun ranar da na zo ɗaukar hoto. Amma ya san yaro yana jin nauyin babba, bai riƙe ni ba. Ya ƙara da cewa wannan shi ne garin ƙarshe, Inna ce ta ce a rage mini, tunda na daɗe ban ci tuwon gida ba.

Jakata tana jingine da ƙafata, logbuk ɗin yana ciki, ina jin kusurwarsa a ƙaurina. Idan na buɗe shafin nan, zan gaya masa ke nan cewa sadakar mahaifinsa ya sa aka niƙa a banza, kuma yaron da ya ce ba zai yi masa ƙarya a gaban jama'a ba, ya yi, yana sane. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayinsa ne ya hana ni. Ba tausayi ba ne. Tsoro ne, tsoron ya daina kallona yadda yake kallona.

Da kaka ta zagayo na bi Gammo da Madadi gida-gida, da sunan binciken makaranta, ina neman kaurar. Na samu masu kama da ita, amma duk sun gauraya da dawar gonakin maƙwabta. Babu wanda ya taɓa ɗaura kaba a cikinsu. Me zai sa su wahala, tunda duk shekara akwai ƙoƙon Baffa? Irin kamfani kuwa ya yi kyau a gonarmu a shekarar, ya nuna da wuri, har Baffa yana nuna wa mutane yana cewa aikin malamin gona ne. Bayan bautar ƙasa na nemi oga, ya cika alkawari, na karɓi aikin. Fastar ta yi yawo garuruwa kafin ta kwaile, ni da kaina na sha ɗaure ta a jikin rumfa. Zaurenmu ba ya cika da ruwan shuka yanzu, kuma ban san wanda yake karanta wa kakana Fatiha ba in ban da mu na gida. Har yau ban faɗa wa Baffa ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, ganin hannuna ya daɗe a tsaye, sai ya turo kwanon gabana, ya juyo mini da ɓangaren da miya ta fi yawa.

"Ci mana, malamin gona," ya ce. "Ba ta shukuwa, amma ai tana ciyuwa."

Yana kallona, na ci. Na cinye tas.